Halin Mutum Jarinsa: Ɗan Kasuwa da Kwanciyar Hankali

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida mutanen Gesse a Birnin Kebbi, unguwar da na kwana na tashi a cikinta, da na Badariya da Nassarawa da Rafin Atiku. Gaisuwa ta isa Argungu da Augie, ta bi ta Kalgo da Jega, ta dangana da Kamba a bakin iyaka. Mai shago da ya kunna rediyo yana jiran ciniki, da tela a kan keke, da uwar gida da ke tsaye kan tukunyar gumin shinkafa, da ɗan kabu-kabu da ya raɓe a inuwa, shirin yau naku ne.

Bari in fara da kogin Matan Fada. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan nan ranar babban su na bikin Argungu, bikin da aka faro tun 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, ya san yadda abin yake. Da an ba da alama sai dubban masunta su ruga, kowa da gorarsa da homarsa, ruwa ya koma baƙi saboda kawuna. Idon 'yan kallo yana kan wanda zai fito da giwan ruwa. Ni kuwa a bikin 2020 sai na tsinci kaina ina kallon waɗanda suka fito hannu rabbana. Wani ya hauro gaɓa jiƙe sharkaf, laka har gira, yana ƙyaƙyata dariya yana ba abokinsa labarin yadda kifi ya suɓuce masa. Wani kuma ya zauna can gefe ya haɗa kai da gwiwa, homa a yashe, ko gaisuwa ba ya amsawa. Ruwa ɗaya suka shiga, lokaci ɗaya aka ba su, rabo ɗaya suka fito da shi. To me ya raba su?

Kasuwa ma haka take. Mutum biyu za su yi sari wuri ɗaya, su kasa kaya layi ɗaya, riba ta zo musu kusan daidai, amma ɗaya yana barci har da minshari, ɗayan yana juyi a kan tabarma har kiran assalatu. Yau maganarmu a kan wannan bambanci take, wato yadda halin ɗan kasuwa ke shafar farin cikinsa. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, halin da ke kawo riba ba kullum ne yake kawo kwanciyar hankali ba, kuma wanda bai san halinsa ba yana iya tara kuɗi ya rasa daɗinsu.

Akwai wani abu da masana suka daɗe da lura da shi. Wasu masana tattalin arziki biyu na ƙasar Suwizalan, Matthias Benz da Bruno Frey, sun wallafa bincike a 2008 kan ma'aikata a Jamus da Birtaniya da ƙasarsu. Suka tarar masu zaman kansu sun fi masu albashi jin daɗin aikinsu, alhali sau da yawa sun fi su daɗewa a wurin aiki. Da suka bi diddigi sai suka ga dalilin shi ne 'yanci: kai ke buɗe shagonka, kai ke rufewa, babu mai ɗaga maka murya. Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Bahaushe ya riga ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai wasu binciken da suka biyo baya sun ƙara wani sharaɗi mai nauyi: wannan jin daɗi ya fi samuwa ga wanda ya shiga sana'a don ya hango dama, fiye da wanda rashin aiki ya tura shi dole. Matashin da ya gama Kwalejin Waziri Umaru ya yi shekara uku yana yawo da takardu, daga ƙarshe ya kafa laimar POS a bakin titi, zuciyarsa ba ɗaya take da ta wanda tun yana yaro burinsa ya mallaki rumfa ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masana halayyar ɗan Adam, musamman Paul Costa da Robert McCrae na Amurka, sun tattara halayen mutane cikin manyan rukunai biyar. Akwai saurin shiga damuwa, akwai faran-faran da son jama'a, akwai sauƙin kai, akwai tsari da riƙon aiki, sai kuma son gwada sabon abu. Kowa yana da rabonsa a kowanne, wani da yawa, wani kaɗan. Mu ma muna da namu ma'aunin tun kafin wannan. Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya fitar da ɗan littafi a 1974 kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya lissafo halaye goma, ciki har da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya. Bambancin shi ne namu ma'aunin yana faɗin yadda ya kamata mutum ya kasance, nasu kuwa yana auna yadda mutum yake. Ɗan kasuwa yana bukatar duka biyun.

A cikin biyar ɗin nan, wanda bincike ya sha nunawa cewa ya fi kowanne cinye farin ciki shi ne saurin shiga damuwa. A nan zan daɗe, domin a nan ciwon yake.

Ku tuna damunar 2020, lokacin da ruwa ya cika ya shafe gonakin shinkafa a fadamun jiharmu ta Kebbi, daga Argungu har ƙasa. Na san mutum biyu da abin ya shafa, dukansu masu sayen shanshera ne, dukansu sun ba manoma kuɗi tun kafin girbi. Na farko na same shi bayan kwana uku zaune da littafinsa a kan benci. Ya ce da ni, "Malam, Allah ya kawo, amma bari in ga abin da ya rage." Ya ƙirga wanda ruwa ya ci, ya ƙirga wanda zai iya dawowa, ya je ya zauna da manoman aka yi yarjejeniyar biya bayan noman rani. Na biyu kuwa wata guda ba ya cin abincin kirki. Waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi. Yaro ya yi ɓarin shayi a gida ya hau shi da faɗa kamar ya kashe rai. Asarar da ya yi ba ta kai ta na farko ba, amma shi ya fi jin jiki, har hawan jini ya kama shi.

Kada wani ya ce na biyun nan imaninsa ne da rauni. Wallahi mutum ne mai salla a sahun gaba. Halittarsa ce haka, zuciyarsa tana saurin hango masifa, kuma tana daɗewa ba ta sauka ba. Dukanmu ma muna da ɗan rabo a ciki. Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, shi da abokin aikinsa Amos Tversky, sun nuna cewa zafin asara a zuciyar ɗan Adam ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai yawa ɗaya da ita. Wato in ka ci ribar dubu goma da safe, ka faɗi dubu goma da yamma, aljihunka ya koma daidai amma zuciyarka tana bin ka bashi. To ga mai saurin damuwa abin ya wuce haka. Shi ya sa za ka ga mutum kasuwa tana yi da shi, ya gina gida, ya kai iyaye Makka, amma kwantan buhu biyar ya hana shi runtsawa.

Me irin wannan mutum zai yi? Da farko ya daina lissafi da ka. Lissafin ka da dare shi ke mayar da tsaki dutse. Ya rubuta a littafi: ga uwar kuɗi, ga riba, ga bashin da nake bi, ga wanda ake bi na. Sau da yawa in an ga abin a rubuce sai a tarar bai kai yadda tsoro ya zana shi ba. Na biyu, ya zaɓi sana'ar da ta dace da zuciyarsa. Ajiye albasar Aliero ana jiran ta yi tsada sana'a ce mai riba, amma tana iya ruɓewa a rumbu, farashi yana iya karyewa cikin mako guda. Mai ƙarfin zuciya zai iya. Mai saurin damuwa gara ya riƙe kayan masarufi, riba kaɗan-kaɗan, kullum ana juyawa. Babu abin kunya a ciki. Kuma damuwar nan tana da amfaninta: mai ita ba ya zuba jarinsa duka a rami ɗaya, ba ya kwana bai duba kwaɗon shago ba. In kuwa abin ya kai ga rashin barci na makonni, ko ƙin abinci, ko jin rayuwa ta ishe ka, to wannan ya zama ciwo, kuma yana da magani. A je Asibitin Sir Yahaya ko wani asibiti mafi kusa a ga likita, tare da addu'a.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Muna magana ne kan halin ɗan kasuwa da farin cikinsa.

Hali na biyu da ya fi tafiya tare da farin ciki shi ne faran-faran. Wannan ba sai na ja shi ba, kowa ya san mai shayin da ake tsallake teburi uku a zo wurinsa, ba don madararsa ta fi kauri ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai son jama'a kasuwa abinci ce a wurinsa: tayi, albarka, ƙara mini, sallama, duk daɗi yake ji. Abin da zan ƙara kawai shi ne, mai kawaici kada ya ɗauka ba shi da rabo. Akwai telan da in ka bar shi da kekensa da zarensa ya fi kowa murna, abin da ke gajiyar da shi shi ne ja-in-ja da masu kaya. Irin wannan ya sa ƙanensa mai baki a gaban shago, shi ya koma ciki. Da yawa daga shagunan da suka daɗe, in ka duba, haka aka raba aikin.

Yanzu ga inda na fi so ku kasa kunne, musamman iyayenmu mata. Sauƙin kai, da 'yar'uwarsa kunya.

Gwaggona, Allah ya jiƙanta, ta yi shekara fiye da ashirin tana gumin shinkafa. Tun asuba za ka ji ƙamshin tururi ya cika gida, rabin ganga a kan murhu, tabarmi shimfiɗe a tsakar gida an baza shinkafa, ita kuma da sanda tana korar kaji. Shinkafarta ba tsakuwa, kwanon awonta ba a buga masa gindi ba. Kowa yana son ta. Amma ba ta iya cewa a'a. Maƙwabciya ta aiko yarinya: "Wai in ji Inna a ba ta tiya biyu, in Baba ya dawo za a kawo." Sai ta auna har da gyara. Ba ta rubutawa, ba ta tambaya. In ta hango wadda take bi bashi a gidan suna, ita ce ke sunkuyar da kai. Wata rana na same ta zaune gaban murhu babu wuta. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta ce, "Ɗana, jarin ya shige cikin mutane." Abin da ya fi ci mata rai ba kuɗin ba ne. Cewa ta yi waɗanda ta taimaka su ne yanzu ke sauya hanya in sun hango ta.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mai sauƙin kai yakan fi jin daɗin zama da mutane, kuma wannan babban rabo ne. Amma wani nazari da Hao Zhao da Scott Seibert suka yi a 2006, inda suka haɗa sakamakon bincike masu yawa, ya nuna masu kafa sana'ar kansu sukan ɗan fi manajojin da ake ɗauka aiki taurin kai, su kuma fi su tsari. Dalilin a fili yake, wanda ba ya iya hanawa jarinsa ba ya kai shekara. Ga tsaka mai wuyar: addininmu ya yabi sauƙi, akwai hadisi a Bukhari da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mai rangwame a saye da sayarwa da neman biyan bashi. Amma addinin nan dai shi ne ya yi umarni da a rubuta bashi, a cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kusa da ƙarshen Suratul Baƙara. A ganina duk wanda ya ɗauki na farko ya bar na biyu ya zalunci kansa. Mai kunya ya bar littafi ya yi magana a madadinsa. Ya ware abin da zai iya bayarwa sadaka, ya ba da shi da zuciya ɗaya, kada ya kira shi bashi. Sauran kuwa a rubuta da suna da rana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka rubuta ba ya raba zumunci kamar wanda aka bar wa kunya.

Tsari da riƙon aiki shi ne halin da ya fi ba da riba da natsuwa a lokaci guda. Mai raba kuɗin cefane da kuɗin shago, mai zubin adashi ba fashi, telan da in ya ce Alhamis to Alhamis ɗin ce, ba ya ɓuya a bayan labule ranar jajibirin salla. Illarsa ɗaya, in ya yi yawa sai mutum ya kasa yarda da kowa. Na san masu shago a nan Gesse da ba sa zuwa ɗaurin aure, ba sa zuwa gaisuwar mutuwa sai a tsaitsaye, saboda ba za su iya barin yaro a kan kanta na awa biyu ba. Mutum ya shiga sana'a don ya mallaki kansa, sai sana'ar ta mallake shi.

Son sabon abu kuwa mun gan shi da idonmu. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a jihar nan a watan Nuwamban 2015, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, sai wasu suka yi wuf: wannan ya sayi injin ban ruwa, wancan ya shiga dillancin shanshera, wata ta fara ɗura shinkafarta a ƙananan buhuna masu tambari. Irin waɗannan sabuwar hanya tana faranta musu rai. Su dai su kiyayi tsalle-tsalle, yau kiwon kaji, gobe sayar da waya, jibi kifin tarwaɗa, ba a bar ko ɗaya ya yi saiwa ba.

To, wani zai ce, "Malam, ai hali zanen dutse ne, duk wannan bayani na mene ne?" Karin maganar tana da gaskiyarta, amma ba duka ba. Masana da suka bi mutane shekara da shekaru, irin su Brent Roberts, sun tarar yawancin mutane suna ƙara natsuwa da tsari yayin da suke manyanta, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. Akwai kuma gwajin da aka yi kusa da mu, a Lome ta ƙasar Togo, wanda aka wallafa a mujallar Science a 2017. An ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka koya musu darasin kasuwanci na yau da kullum, irin su lissafi da talla. Kashi na biyu aka horar da su kan ɗabi'a: ka fara da kanka kada ka jira a ce maka, ka hango matsala tun ba ta iso ba, in ka faɗi ka tashi ka sake dabara. Kashi na uku ba a koya musu komai ba. Bayan shekara biyu, ribar waɗanda aka horar kan ɗabi'a ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, ta masu darasin yau da kullum kuwa kashi 11. Riba aka auna a can, amma darasin ya shafe mu: manyan mutane ne masu iyali, kuma sun sauya yadda suke tunkarar al'amura. Ba za ka wayi gari mai damuwa ya zama marar damuwa ba, amma zai iya koyon abin da zai yi in damuwar ta taso.

Na ce za mu dawo kan wanda dole ta sa shi sana'a, ga shi mun dawo. Ba na so wani ya kashe rediyo yau ya je ya ce wa ɗan'uwansa, "Ka ji ko, halinka ne ya hana ka jin daɗi." A farkon 2023 takardun kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, masu tumatir suna kallon kayansu suna lalacewa. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na ban ruwa suka yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe iyaka, motoci suka yi layi a Kamba. Babu halin da zai sa mutum ya yi murna a irin wannan yanayi. Hali yana da rabonsa, yanayi yana da nasa, kuma haƙƙi ne a kan masu mulki su sauƙaƙa wa mai ƙaramin jari. Wanda duk ya ga ɗan kasuwa cikin ƙunci, ya fara tambayar abin da ya same shi kafin ya yanke masa hukunci.

Kirana na ƙarshe ga iyayen gida ne masu yara a shago, da iyaye masu ɗora 'ya'ya kan sana'a. Ku dubi halin yaro kafin ku ba shi matsayi. Mai baki a sa shi gaban kanta, mai tsari a ba shi littafi, mai kunya kada a tura shi karɓar bashi sannan a zage shi in ya dawo hannu biyu. Ke kuma uwar gida, kai kuma mai shago, yau da dare bayan an rufe, ku sami wanda ya san ku da gaske, miji ko mata ko aminin da ba ya ɓoye muku gaskiya, ku tambaye shi: wane hali nawa ne ka ga yana wahalar da ni a sana'ar nan? Ku saurara har ya gama, kada ku katse shi.

A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya ba mu kasuwa mai kyau da zuciya mai natsuwa. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)